Maigidana zai tafi Indiya koyon dashen hanta, ni kuma haƙurina ya kusa ƙarewa

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar sakandare ce a Birnin Kebbi, shekarata 34, aurenmu shekara 10, yaranmu uku. Maigidana likitan tiyata ne. Na aure shi yana gab da gama bautar ƙasa, na zauna da shi a Sakkwato duk shekarun da ya yi yana horon ƙwarewa: kwanan asibiti, jarrabawa kan jarrabawa, ba Sallah ba azumi. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Ki ƙara haƙuri, in na zama kwansaltan za mu huta." Bara ya zama kwansaltan ɗin, wato babban ƙwararren likita, muka dawo gida. Ban gama sauke numfashi ba sai ga shi da takarda, wai wani asibiti a Indiya ya ba shi gurbin shekara biyu na koyon dashen hanta. Abin da za su riƙa ba shi ko shi kaɗai ba zai riƙe ba. Ya ce a sayar da filinmu, alhali kashi ɗaya cikin uku na kuɗin filin gadona ne na mahaifina.

Na san inda abin ya samo asali. Yayansa ya rasu shekara uku da suka wuce da ciwon daji na hanta, yana da shekara 43, ya bar 'ya'ya huɗu waɗanda maigidana ke biya wa makaranta. Tun ranar ya canza. Hajiya mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba. Danginsa suna cewa duk likitan da ya fita ba ya dawowa, wata ƙawata kuma ta ce in fara shirin karɓar kishiya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shi da bakinsa ya ce ba a dashen hanta a jiharmu. To me zai dawo ya yi? In na yi magana sai ya ce ban fahimci girman aikin ba. Ba na so in zama matar da ta kashe wa mijinta buri, amma wallahi na gaji. In amince ne, ko in kafe a kan a'a?

Ƙanwarki daga Birnin Kebbi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan yayan maigidanki, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki ladan shekarun da kika yi kina jiran ƙarar mota a ƙofar gida.

Ya ce ba ki fahimci girman aikin ba, amma wasiƙarki ta nuna mini akasin haka. Tambayar da kika yi, me zai dawo ya yi, ita ce wadda duk shugaban asibitin da ya san aikinsa zai fara yi masa kafin ya sa hannu a takardar hutun karatu. Kada ki ji kunyarta, kada kuma ki bari a mayar da ita raki irin na mata. Sai dai don ki zauna da shi ku yi magana da hujja, bari in buɗe miki aikin nan yadda yake, domin ina ganin har yanzu ba wanda ya tsaya ya yi miki bayaninsa, har shi maigidan.

Hanta ita ce mafi girman gaɓa a cikin cikin mutum, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi a jikin babba. Ita ke tace jinin da ya taso daga hanji, ita ke yin madaci, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Wanda ƙodarsa ta gaza, akwai na'urar wankin ƙoda da za ta iya riƙe shi shekaru. Wanda hantarsa ta gaza ba shi da irin wannan na'ura. Wannan ne ya sa likitocin tiyata ke kallon dashen hanta a matsayin ƙololuwar sana'arsu, kuma shi ya sa idon maigidanki ke kansa. Wani likita Ba'amurke, Thomas Starzl, shi ya fara gwada shi a birnin Denver a 1963, a kan yaro ɗan shekara uku. Jini ya ƙi tsayawa, yaron ya rasu a kan teburin tiyata. Waɗanda suka biyo baya ma ba su yi nisan kwana ba. Sai a 1967 aka samu yarinya 'yar wata 18 da ta rayu sama da shekara guda da sabuwar hanta. Duk da haka, har ƙarshen shekarun 1970 yawancin waɗanda aka yi wa dashen ba sa kai shekara, saboda garkuwar jikinsu na yaƙar baƙuwar gaɓar. Abin bai sauya ba sai da aka samu maganin da ake kira cyclosporine, wanda Roy Calne na Ingila ya fara gwadawa a dashe, aka baza shi a farkon shekarun 1980. A yau, a cibiyoyin da suka kafu, kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi wa dashen suna haura shekara guda, da yawa kuma suna yin shekaru masu yawa suna harkokinsu.

Ki lura da wani abu a tarihin nan, domin a kansa duk shawarata ta tsaya. Hannun Starzl na 1963 da na 1983 hannu ɗaya ne. Abin da ya canza shi ne abin da ke kewaye da hannun: magani, ɗakin kulawa ta musamman, ma'ajiyar jini, ɗakin gwaje-gwaje, da tarin mutanen da kowa ya san nasa aikin.

A Indiya, inda maigidanki ke son zuwa, mafi yawan dashen daga mai rai ake yi. Allah ya yi hanta da wata baiwa: in an yanki wani ɓangare nata, abin da ya rage yakan tofo ya kusa cike gurbinsa cikin makonni zuwa watanni. A 1989 aka fara cin nasarar irin wannan a Brisbane ta Ostareliya, uwa ta ba ɗanta. Idan babba ne za a yi wa dashen, sau da yawa ɓangaren dama ake ɗauka daga mai bayarwa, wato wajen kashi 60 cikin 100 na hantarsa, kuma dole a bar masa aƙalla kashi 30. Ɗakunan tiyata biyu ke aiki a lokaci guda, da ayarin likitoci biyu. Ɗaya na yanko ɓangaren daga jikin mai lafiya, ɗayan na cire ruɓaɓɓiyar hantar daga jikin marar lafiyar da jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata. Sannan a ɗinke jijiyoyin da ke fitar da jini, a ɗinke babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji, a ɗinke ƙaramar jijiyar da kaurinta bai wuce 'yan milimita ba, da zaren da ya fi gashin kai siranta, a ƙarshe a haɗa bututun madaci. Aikin kan ci awa 8 zuwa 12, mutum na tsaye. In an gama kuma ba a gama ba. A kwanakin farko ƙaramar jijiyar nan na iya toshewa, jini na iya ɓallewa, madaci na iya yoyo, ko jiki ya fara ƙin hantar, kuma waɗannan ba sa duba agogo kafin su zo. Akwai kuma nauyin da likitan tiyata na yau da kullum bai saba ɗauka ba: ya sa wuƙa a jikin mutum lafiyayye wanda ba abin da ke damunsa sai ƙaunar ɗan'uwansa, alhali an san cikin dubu ana rasa 'yan ƙalilan daga masu bayar da ɓangaren dama.

Na kawo miki wannan ne don abu biyu. Na farko, ki san burin nan ba shirme ba ne, kuma mutumin da ya samu gurbi irin wannan ba ƙaramin ƙwazo ya nuna ba. Na biyu, ki cire ran cewa bayan shekara biyun nan hutu zai zo. Ba zai zo ba. Likitan dashen hanta wayarsa ba ta mutuwa da dare har ya yi ritaya. Idan maigidanki ya sake ce miki "in na dawo za mu huta", ki roƙe shi cikin ladabi ya bar wannan alkawarin, ya gaya miki ainihin yadda mako guda na rayuwar irin waɗannan likitoci yake. Gara ki amince da gaskiya mai nauyi da ki sake amincewa da alkawarin da shi kansa ba shi da ikon cikawa. Ina zaton rabin gajiyarki daga nan take: ba aikin ne ya karya miki gwiwa ba, ranar hutun da ake ta matsarwa gaba ce.

Yanzu ga tambayarki. Don a yi dashen hanta ko guda ɗaya cikin aminci, ana buƙatar likitocin tiyata fiye da ɗaya da suka ƙware a kai, da likitan sa barci da ya saba da irin zubar jinin nan, da likitan ciwon hanta da zai zaɓi wanda ya dace kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwa, da nas-nas na ɗakin kulawa ta musamman, da ma'ajiyar jini da za ta iya fitar da leda masu yawa a dare ɗaya, da masu hoton jijiyoyi a kowane lokaci, da ɗakin gwaji da zai auna yawan tacrolimus, maganin danne garkuwar jiki, a jini ya ba da sakamako a ranar, da wutar lantarkin da ba ta ƙiftawa. Shi kuma wanda aka yi wa dashen zai sha maganin danne garkuwar jiki muddin ransa, da kuɗinsa. Likita ɗaya da ya dawo da ƙwarewa babu waɗannan, kamar a sayo babban injin casar shinkafa ne a kai shi garin da ba wuta: injin lafiyarsa lau, amma tsatsa zai yi. Hannun tiyata ma haka yake, in ya shekara biyu ko uku bai yi aikin da ya koya ba, sai ya fara dushewa. Dashen ƙoda ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara shi tun 2002, amma har yanzu 'yan ƙasar nan masu neman dashen hanta Indiya da Masar da Turkiyya suke dosa. A nahiyarmu, Masar da Afirka ta Kudu su ne suka daɗe da kafa shi.

Saboda haka abin da zai biyo bayan shekara biyun nan bai wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ya kamata maigidanki ya faɗa miki wanne yake nufi. Ko dai akwai wani asibitin koyarwa, a nan Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kano ko Abuja, da ya ƙudurta kafa sashen, yana tura mutane rukuni guda, har da mai sa barci da nas-nas, shi kuma yana cikinsu. In haka ne, tafiyar tana da gindi. Ko kuma zai dawo ya riƙa yin tiyatar hanta da matsarmama da bututun madaci ba tare da dashe ba, kamar yanke ƙari daga hanta, gyaran bututun da ya toshe ko ya ji rauni, ɗinke hantar da ta fashe a haɗarin mota. Wannan aiki ne mai daraja ƙwarai, masu yinsa sun yi ƙaranci a Arewa, kuma ana iya yinsa a asibitocinmu. Amma in shi ne manufar, akwai gajerun hanyoyi zuwa gare shi da ba su kai shekara biyu da sayar da fili ba. Ko kuwa, a ƙasan zuciyarsa ya san inda ake dashen nan can zai nemi aiki, Saudiyya ko wata ƙasa. Wannan ma ba laifi ba ne, mutane da yawa sun yi, amma in shi ne, to ba tafiyar shekara biyu ake tambayar ki amince da ita ba, ƙaura ce ta iyali gaba ɗaya, kuma kina da haƙƙin a kira ta da sunanta.

Bari in taɓa maganar marigayi, a hankali, domin a nan ciwon yake. Likitan da ɗan'uwansa ya rasu a gabansa da cutar da ya karanta a littafi yakan ɗauki wani laifi ya ɗora wa kansa wanda ba wanda ya ɗora masa. Ina ganin maigidanki na neman ya biya wani bashi ne da yake jin yayansa na binsa. Amma shi ya fi ni sanin cewa ba kowane ciwon daji na hanta dashe ke magani ba. Ƙa'idar da likitoci suka fi bi tun 1996, wadda aka tsara a Milan ta Italiya, ita ce ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari biyu zuwa uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiya ko ya fita daga hanta ba. Mutanenmu kuwa yawanci sai ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, an sha saiwa da sassaƙe an gaji, sannan a zo asibiti, lokacin an wuce wannan iyaka da nisa. Babban tushen ciwon a wajenmu shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Ga gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, wadda ke ƙara haɗarin. Ceton irin marigayi yana farawa ne shekaru goma kafin ranar tiyata: gwajin jini, maganin tenofovir ga wanda ya cancanta, hoton ciki duk wata shida, da allurar rigakafi ga jariri cikin awa 24 da haihuwa, wadda ke cikin jerin rigakafin ƙasar nan tun 2004. Ba ina cewa ki ɗauki wannan ki buga masa a fuska ba, kada ki kuskura. Amma wata rana da dare, in hankalinsa na kwance, ki tambaye shi, "Da a ce ka iya dashen nan a lokacin, da Yaya ya tsira?" Ki yi shiru ki saurara. Wataƙila shekara uku ke nan ba wanda ya ba shi damar amsa wannan tambayar da babbar murya, kuma amsar za ta nuna muku ku biyun ko buri ne ke jansa ko makoki ne ke tura shi. In burin ne, zai tsaya daram bayan hawayen.

Sai takardar da ya kawo. Ki nemi ku karanta ta tare, layi bayan layi. Gurabe irin wannan iri biyu ne, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya. Akwai wanda baƙon likita ke samun rajistar wucin gadi daga hukumar likitocin ƙasar, ya wanke hannu ya shiga aiki, a rubuta masa yawan tiyatar da ya taimaka da wadda ya jagoranta. Akwai kuma wanda zai tsaya bayan kafaɗar wasu yana kallo. Na biyun yana da amfani na wata uku ko shida, amma bai cancanci shekara biyu da filin iyali ba. Ya tambayi asibitin a rubuce: dashe nawa suke yi a shekara, wane mataki na aikin za a bar shi ya yi da hannunsa, wace shaida za a ba shi, kuma su haɗa shi da wani likita ɗan Afirka da ya gama a wurinsu ya ji daga bakinsa. Sannan wurin aikinsa na nan: hutun karatu mai albashi za su ba shi, ko marar albashi, ko ajiye aiki zai yi? A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a gidanku. Albashin kwansaltan in yana shigowa, ke da yara uku da marayu huɗu da Hajiya za ku tsaya da ƙafafunku, kuma yarjejeniyar dawowa aiki da ake sa wa mai irin wannan hutu hannu ita ce amsa mafi ƙarfi ga dangin da ke cewa ba zai dawo ba. In babu albashi, albashin malamar sakandare ba zai ɗauki gida biyu ba, ko da an sayar da fili uku.

Maganar fili kuwa, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kasonki naki ne. Gadon mahaifinki bai zama dukiyar miji don an zuba shi a fili ɗaya ba, kuma kowane malami kika tambaya a Birnin Kebbi ko Gwandu haka zai gaya miki. Kina iya bayarwa kyauta da daɗin rai, kina iya ba da rance, kina iya cewa a'a, kuma ba ɗayansu da zai sa ki zama muguwar mata. In rance ne, a rubuta da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, kuma a rubuta shi a matsayin kashi ɗaya cikin uku na fili makamancinsa, ba adadin naira ba. Kin ga abin da ya faru daga tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin shekara guda. Wanda ya sayar da fili kafin lokacin ya riƙe kuɗi, yau ko rabin filin ba zai saya ba. Ni dai da za a bi tawa, fili shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa, bayan an ƙwanƙwasa ƙofar asibitinsa, da gwamnatin jiha, da jami'a in yana koyarwa, da ƙungiyoyin likitocin tiyata na duniya da ke ba 'yan ƙasashe irin namu tallafin horo. Likita kan ji nauyin roƙon hukuma, sayar da fili ya fi masa sauƙi a rai. Ki ce masa ya cire wannan nauyin, domin jama'ar jiha ce za ta ci moriyar abin da zai koyo.

Hajiya kuma, kada ki yi murna da cewa tana ɓangarenki, kada kuma ki mayar da ita garkuwa. Uwa ce da ta binne ɗa ɗaya, ɗayan kuma na shirin ƙetare teku. Tsoronta daban da naki, kuma in kika jingina da ita, ranar da ɗanta ya lallashe ta za ki tsinci kanki ke kaɗai, a ce dama ke ce ke zuga ta. Aikin maigidanki ne ya durƙusa gabanta ya nemi albarkarta, ya gaya mata wa zai riƙa kai ta asibiti, wa zai tsaya kan makarantar marayu, yaushe zai riƙa zuwa. In tana da shakkar halaccin aikin kansa, kamar yadda wasu dattawanmu ke yi, ya sanar da ita cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa, ta kuma haramta sayar da su, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana cinikinsu.

Ita kuwa ƙawarki mai hasashen kishiya, ki gode mata ki rage kai mata labarin gidanki. Ba na ce ba ya faruwa ba, amma mai niyyar ƙarin aure ba ya buƙatar biza, a unguwar Badariya ta nan Birnin Kebbi ma zai iya. Abin da ya fi cancantar damuwarki shi ne nisan kansa. Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi: lokacin da kika kwantar da yara ƙarfe tara na dare, shi ƙarfe ɗaya da rabi ne a wurinsa, ko yana barci ko yana tsaye a ɗakin tiyata. In ba a tsayar da lokacin waya tun kafin tafiya ba, sai ku wayi gari kuna gaisawa da saƙon murya kawai. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi nesa da iyalansu, saboda ya san haƙurin mace yana da iyaka kuma haƙƙinta ne. Don haka kuɗin jirgi na zuwa gida aƙalla sau biyu a shekara, ko na zuwanki can a dogon hutun makaranta, ya shiga lissafi tun farko a matsayin wajibi, ba alfarma ba.

To me za ki ce masa? Ni shawarata, kada ki ce e, kada ki ce a'a a wannan makon. Ki ce masa kin yarda da burin, amma ba ki yarda da tsarin da ya kawo ba, kuma kina so ku gyara tsarin tare. In ya samu hutu mai albashi, takardar ta tabbatar da hannunsa zai yi aiki, akwai asibitin da ke jiran dawowarsa, kuma kasonki na fili ya tsira, to ki sa masa albarka ya tafi, ki kuma nemi naki: ƙanwa ko 'yar'uwa da za ta zauna da ke, da izinin ki ƙaro naki karatun in kina so. In waɗannan ba su samu ba, ya rubuta wa asibitin ya nemi a ɗaga masa gurbin zuwa baɗi, ya yi amfani da shekarar wajen neman mai ɗaukar nauyi. Shekararsa ba ta ƙure ba, yawancin masu wannan fanni sai sun doshi arba'in suke kammala horo. Akwai kuma hanya ta tsakiya da nake so ku duba da gaske: wata shida zuwa shekara guda na horon tiyatar hanta da bututun madaci, a Indiyar ko a Masar da ta fi kusa da gida, ya dawo ya fara aiki da shi a nan, ya buɗe asibitin masu ciwon hanta na mako-mako tare da likitocin ciki, ya tara alƙaluman marasa lafiyarsa. Likitan da ya je gaban hukuma da shekara biyu na irin wannan aiki a hannu, maganarsa ta neman kafa sashen dashe ta fi ta wanda ya dawo da satifiket kaɗai nauyi.

In kuma ya ƙi zama, ya kafe cewa ya riga ya yanke, kada ki yi yaji, kada ki kai ƙara wurin Hajiya. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, zai fi kyau a ce cikin malamansa na Sakkwato da suka horar da shi, domin shi zai yi masa tambayoyin nan da yaren sana'arsu, kuma ba zai iya ce masa bai fahimci girman aikin ba. In maganar fili ta taso, waliyyinki ya kasance a wurin.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ba ya jiran Indiya. Ba ki faɗa mini ko cutar nau'in B ce ta jawo ciwon marigayi ba, amma tana bin gida, sau da yawa daga uwa zuwa 'ya'ya tun ranar haihuwa. Gidan likita ne ya fi kowane gida ɗauka cewa an riga an yi. Ki tambayi maigidanki kai tsaye ko an gwada shi, da ke, da yaranku, da matar marigayi da 'ya'yanta huɗu, da sauran ƙannensa. Wanda ba a gwada ba a kai shi cikin watan nan, wanda aka samu ba ya ɗauke da ita kuma ba shi da rigakafi a fara masa allura ukun.